Mijin Hajiya Balaraba a Kan Sikeli

Ku kife wayoyin nan a kan tabarma tukuna, ku 'yan matan da aka ɗauka aikin bana. Labari ne zai zo, kuma ba ya son a saurare shi da kunne ɗaya. Jiya na ji ɗayarku tana cewa zagayen gida-gida ba wani aiki ba ne, wai ki shiga, ki ɗaura zare a hannun yaro, ki latsa waya, ki fito. Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan. Ni ce Inna Saude ta Tudun Wada. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta sai an nuna mini, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma takalman da na cinye a aikin nan, in aka jera su, sai a buɗe shago.

Kafin waya, kafin zare, akwai Iya Mai Wanka ta Gyallesu, ungozoma, Allah ya jiƙanta. Ni ke ɗaukar mata ƙwarya da ganye in za ta wankan jego. Gidan farko da na bi ta, an ce mana akwai yaro mai zawo. Muna shiga na buɗe baki na ce, "Ina yaron da ba shi da lafiya?" Iya ta matso kusa da ni. Hannu ta miƙo ta ƙarƙashin mayafi ta murɗe mini cinya, murɗar da har yau in hadari ya taso ina jin wurin. Da muka fito ta ce, "Ke, gidan mutane ba kanti ba ne. Ki gaida matar gida, ki tambayi akuyarta, ki sha ruwansu ko ba kya jin ƙishi. Baki na gaisuwa, ido na aiki." Abin da ido ke yi kuwa shi ne ya duba gashin yaro ko ya yi ja, ya duba ko randa a rufe take, ya duba tsumman da aka shanya. Kafin a gama "ya gajiya" kin san rabin abin da ya kawo ki.

Shekaru suka tura, Iya ta koma ga Mahaliccinta, sai asibitin unguwa suka nemi matan da gidaje suka saba da fuskarsu. Aka ba mu kayan aiki. Akwai zaren awo, wanda ba zare ba ne na gaske, siririyar roba ce mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro. Kore, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, a tashi tsaye a gyara masa abinci. Ja kuwa tamowa ce ta kama shi, asibiti yau ba gobe ba. Akwai sikeli mai ɗan wando da ake rataya a reshe ko a azara, a zura yaro ciki yana wutsil-wutsil yana tsine mana. Akwai babban yatsanki, da za ki danna bayan ƙafar yaro, in wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, ki ɗauke shi ki yi gaba. Na ƙarshe ita ce waya.

Wayar nan ban taɓa ganin 'yar tsegumi irinta ba. Kowane yaro na unguwata yana ciki da fuskarsa. In na ɗaura zare na ga launi, sai in taɓa irin launin a jikin gilashin, kafin in zura takalmi labari ya isa wajen Sista Ngozi. Ita ce malamar asibitin da ke kula da mu, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta har da habaici. Ita ta koya mini latsawa, da haƙurin da ni ban yi wa 'ya'yana ba. Hoton farko da na tura mata, ashe na riƙe wayar a kife, ƙafata na ɗauka, da faso da komai. Ta kira ni ta ce, "Inna, wannan yaron naki ya tsufa, kuma man kaɗanya yake nema ba madara ba."

Wayar tana da wani aikin kuma. Jajibirin ranar awo sai ta kira iyaye mata da kanta, ɗaya bayan ɗaya, wata yarinya mai murya kamar ta rediyo ta yi sallama cikin ladabi ta ce gobe a kawo yara. Abin ya yi amfani, ba zan ci amanar yarinyar ba, ko da yake ban taɓa ganinta ba.

Mutane kuwa iri-iri ne. Akwai mai ɓoye yaro a bayan ƙofa, ƙafafunsa na leƙowa ta ƙasa, tana rantse miki ya tafi unguwar Hanwa. Akwai wani tela da aka ba ɗansa madarar tamowa, wannan mai kama da tunkuza a cikin leda. Mako ya zagayo yaro na nan yadda yake, uban kuwa kumatu sun fara sheƙi. Ban yi masa faɗa ba. Na shiga shagonsa a gaban abokan hirarsa na ce ya miƙo hannu, na naɗa masa zare, bai ko zagaya ba. Na ce, "Alhamdu lillahi, Malam, kai ka warke. Yanzu a bar wa yaron." Daga ranar leda ba ta ƙara ɓata ba.

To, ana nan, ana nan, sai muguwar shekara ta zo. Hatsi ya yi wuya, ƙyanda ta bi layi-layi, yaron da ya tashi daga ƙyanda sai ya faɗa rama. A shekarar na shiga gidajen da na saba ɗaura zare, na tarar da tabarmar gaisuwa. Ba zan ja wannan ba.

Wata safiya a cikin shekarar Sista ta kira ni ofishinta, ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Ta ce, "Inna, ina yaranki suke zuwa in sun fara tafiya?" Na ce suna zuwa inda ƙafa ta kai su. Ta ce ba wasa take ba. Ta nuna mini fuskokin yara a jere, duk na san su. Ana kawo su awo tun suna goye, da sun kai yaye sai su ɓace. Waya na kiran uwayensu, uwayen na ɗauka, suna saurare har ƙarshe, amma ba a kawo yaran. Ta ce, "Kuma ki duba, yawancinsu 'ya'yan fari ne."

Ni ina shiga gidajen nan ɗaya-ɗaya, ban taɓa ganinsu a jere ba sai da na'ura ta jera mini su. Ina ganinsu kuwa na san inda suke. Yaye aka kai su gidan kakanni. Waya na ta kira a ɗakin uwa, yaro yana wata unguwar yana shan ruwan koko. Uwar kuma ba za ta yi magana ba, don ɗan fari ne. Ku na yanzu kuna manna hoton ɗanku na fari a waya duniya ta gani, amma har gobe akwai gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, balle ta aika wa surukarta cewa a kai shi asibiti.

Cikin fuskokin akwai ɗan Nafisa, matar wani direba da ba ya zaman gari. Na je gidan na tarar da ita tana tsince shinkafa. Muka gaisa, na sha ruwa, na tambayi kajinta. Sannan na ce, "Nafisa, ina mutumin?"

Ta kalli bango. "Inna, in ƙaro miki ruwa?"

"Na ce ina yaron."

"Ba ya nan."

Maƙwabciyarta ce ta leƙo ta katanga ta ce yana Tudun Jukun wajen kakarsa, Hajiya Balaraba, tun kafin azumi. Na tashi zan tafi. Har na kai bakin zaure sai na ji Nafisa tana korar kaza daga tiren shinkafa, tana yi wa kazar magana da ƙarfin da ya fi na korar kaza. "Tafi can. Ke ma in aka bar ki da ruwan koko safe da yamma, wuyanki zai koma kamar tsinke." Ashe ta gan shi a wani taron suna. Ta gan shi, ta kau da kai, ta dawo gida da abin a cikinta.

Balaraba kuwa na san ta tun muna 'yan mata muna gaɗa a dandali ɗaya. Ba mu taɓa yarda ɗayarmu ta fi ɗaya ba, ko a waƙa ko a lalle. Na tarar da ita a tsakar gida tana jan carbi, yaron na zaune gefenta. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka Maigida take kiransa, kamar dai yadda kowace kaka ke kiran jikanta miji. Yaron bai yi kuka da ya ga baƙuwa ba, bai yi dariya ba. Gashi ja-ja, wuya siriri, hannu kamar karan dawa. Ku riƙe wannan: yaro mai ihu ba ya ba ni tsoro, mai shiru ke ba ni.

Na fito da zare. Ta ajiye carbi.

"Saude, mayar da abin nan jaka."

"Hannunsa kawai zan duba."

"A gidan nan ba a auna mai rai. Wanda ake aunawa kin san shi, kara ake kawowa, daga nan sai maƙabarta. Na binne mai sunan, ba za ki zo ki auna mini wannan ba."

"To ki kawo shi asibiti."

"Ciwon me yake yi? Yaye ne. Ke ba ki yaye 'ya'ya ba? Ko don an ba ki waya kin zama likita? Da can ma rawar kai gare ki."

Na sha ruwanta, na yi mata sallama. A aikin nan ba a fita da faɗa, don ƙofar da kika buga da ƙarfi gobe ma ita za ki ƙwanƙwasa.

Na koma wajen Sista na ce mata abu biyu nake so. A daina kiran uwa ita kaɗai, a riƙa kiran wadda yaro ke hannunta. Ta ce wannan mai sauƙi ne in na kawo lambobi. Na biyu, a ba yarinyar nan mai ladabi hutu, a sa muryata. Ta ce me zan faɗa? Na ce ta kunna ta ji. Ta danna, na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce:

"Salamu alaikum, tsofaffin Tudun Wada da Tudun Jukun da Gyallesu. Saude ce, kun san muryar. Na ji an kawo wa wasunku angwaye yaye. To ranar Laraba akwai awon angwaye a tsakar gidan mai unguwa. Wadda ta iya riƙon miji ta kawo shi a gani. Wadda ta bar nata a ɗaka ba sai ta faɗi dalili ba, mun sani, girkinta ne ba ya ciyuwa. Nawa dai ga shi nan, damtse kamar taɓarya."

Sista ta dafe kai. "Inna, wannan ai neman rigima ne."

Na ce, "Ita nake nema. Ladabi ya kira su ba su zo ba."

Ta ce sai mai unguwa ya ji ya amince. Muka kai masa, ya saurara, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce a tura, amma ranar shi yana da ɗaurin aure a Kaduna.

Saura lambobi. Na bi gida-gida na tattara, na bar ta Balaraba ƙarshe. Na koma wajen Nafisa na ce, "Ko kina da lambar Hajiya?" Ta ce ita ba ta riƙe lamba a ka. Ta tashi ta shiga madafa. Amma kafin ta shiga ta ajiye wayarta a kan turmi, a kunne, da lamba a fuskarta, ta juya baya ta yi ta goge tukunyar da ba ta da datti. Na ɗora wayata a kai na ɗauki hoto, wannan karon ba a kife ba.

Ranar Laraba tsakar gidan mai unguwa ta cika. Tsofaffin da ko biki sai an aika musu mota, ga su sun zo da ƙafa, kowacce da angonta a baya, an sa masa kwalli an shafe shi da mai. Kowacce ta shigo sai ta fara da ni. "Ina mai bakin? Ina taɓaryar taki?" Muka rataya sikeli a reshen mangwaro. Aka yi ta awo ana shewa, ana guɗa in an ga kore, in an ga ruwan ɗorawa Sista ta ja kakar gefe ta koya mata haɗin kunun gero da waken suya da gyaɗa.

Rana ta ɗaga sai ga Balaraba. Ta sha leshi, ta sha turare, Maigida a kafaɗa cikin babbar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin auren kansa. Ba ta kalle ni ba. Ta ce da Sista, "Yarinya, a ɗora shi a sikeli, sikeli ai na 'yan kasuwa ne. Zare ne ban yarda da shi ba."

Sista ta karɓe shi, ta ɗaga shi sama kaɗan, ta ce, "Kai, Hajiya, maigidan naki akwai nauyin arziki. Bari a rage masa kaya ya sha iska." Aka cire babbar riga, sai ga rigar sanyi. Aka cire rigar sanyi, sai ga wata. Ana cire ta biyun sai wani abu ya faɗo daga aljihu ya gangara har gaban matar mai unguwa. Tsohon batirin tocila ne, babba. Aka girgiza rigar, 'yan'uwansa suka biyo shi. Ashe nauyi ta ƙara masa don sikeli. Tsakar gida ta kaure da dariya. Wata tsohuwa daga Gyallesu ta ce, "Balaraba, miji kika kawo ko rediyo?"

Amma da aka kai ga fatar yaron dariya ta fara raguwa da kanta. Haƙarƙari a waje, ciki ya turo. Balaraba ta miƙa hannu za ta suri abinta ta tafi. Na san in ta fita ƙofar nan ba za ta dawo ba, kuma na san abin da zai biyo baya. Na miƙa mata zaren. Na ce, "Ni ba na taɓa mijin wata. Ke ce matarsa. Ba awo za ki yi ba, ɗaura masa za ki yi, kamar yadda kika ɗaura masa layar nan ta wuya."

Ta daɗe tana kallon zaren. Sannan ta fizge shi, ta yi bisimilla, ta naɗa. Ja.

"Zaren naku ƙarya yake yi," in ji ta. Ta jawo jikan wata da ke kusa ta naɗa masa. Kore. Ta koma kan nata ta sake naɗawa a hankali, tana sassautawa ko zai matsa. Ja.

Ba wadda ta yi tari. Wannan ita ce dokar aikin, ku rubuta ta inda kuke rubutu: wasa ke kawo su bakin ƙofa, amma ba a dariya a kan ja.

Balaraba ta ce, ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba, "Yarinya, zai tashi?"

Sista ta danna bayan ƙafarsa, wurin bai lotsa ba. Ta yage ledar madara ta lakata ta kai masa baki. Ya tsotsa, ya tsaya, ya kamo yatsan da hannu biyu. Ta ce, "Tunda yana ci, da yardar Allah. Amma yanzu za mu wuce asibiti tare, kuma kowane mako sai na gan shi."

Na taɓa ja a waya.

Daga nan waya ta riƙa kiran Balaraba duk jajibirin awo da muryata. Abin da ba ta sani ba, muryar a naɗe take. Ita a zatonta ni ce a kan layi. Mun haɗu a asibiti ta ce, "Jiya na wanke ki tas a waya, kika yi ta surutunki kamar ba ki ji ba, ƙarshe kika kashe." Na ce, "Kunyarki na ji, Hajiya." Sista ta buɗe baki za ta yi bayani, na taka mata ƙafa. Mace na zuwa kowane mako don ta ƙarasa faɗan da ta fara a waya, me za a gyara a nan?

Ja ya koma ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawa ya daɗe har na fara shiga damuwa, don ya sake yin zawo a tsakani. Sannan wata Laraba Balaraba ta naɗa zare da hannunta, don har lokacin ba ta yarda wani ya naɗa masa ba, sai ga kore. Maigida ya fizge hannu ya kai mata duka a hanci yana ihu. Ta ce, "Kun gani? Halin mai sunan ne sak." Sista ta ɗauki hoton damtsen da zaren a jiki, hannun kawai, ta tura wa lambar uwar yadda ake yi wa kowa. Amsa ba ta zo ba. Ni ban sa ran za ta zo ba.

Bayan kwana biyu zagaye ya kai ni gidan Nafisa. Muka gaisa, na tambayi kaji. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa mata komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar fura da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ta ce wai ta dama ne ta yi yawa. Ina sha sai aka kira wayarta a kan turmi, gilashin ya yi haske. A fuskar wayar, inda wasu ke sa hoton Ka'aba wasu na miji, ita ɗan damtse ne da zare a naɗe.

Na ce, "Nafisa, hoton mene ne wannan?"

Ta ɗauke wayar ta kife ta a cinya, ta kalli bango.

"Zare ne kawai, Inna. Launin ne ya burge ni."

Na ce lallai kore akwai kyau, na shanye furata.

To, ku ɗauki wayoyinku. Gobe akwai awo, kuma wadda ta ce aikin latsawa ne kawai, ita zan tura Tudun Jukun. An kawo wa Hajiya Balaraba sabon ango yaye.